Abin da Ya Hana Ni Guɗa Bayan Na Dawo daga Jamus

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya kai ni ya kuma dawo da ni.

Tun da na sauka daga ƙasar Jamus ƙafa ba ta ɗauke a gidan nan ba. Wannan ta shigo ta ce, "Iya Delu, wai da gaske rana ba ta da zafi a can?" Waccan ta ce, "Wai har karnuka riga ake sa musu?" Na ba da labari har bakina ya bushe. Amma akwai tambayar da ake yi a bayan idona, ita ce ta fi tsaya min a rai: me ya sa Delu, wadda a da ba a kai amarya a unguwar nan sai da guɗarta, ta dawo ta kulle baki? Wasu sun ce sanyi ne ya kama min maƙogwaro. Wasu sun ce na hau jirgi na yi girman kai. To ba sanyi ba ne, ba kuma girman kai ba ne. Ni ban yi boko ba. Malama Asabe maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, don in huta da maimaici. Na ce mata kada ta gyara min magana.

Kafin mu hau mota sai kun san abu ɗaya. A ƙarƙashin gadona akwai wani kasko na turaren wuta, baƙi, mai zane a wuya. Ba nawa ba ne. Na Ya Falmata ne, aminiyata ta zamanin da muke zaune a ƙauyen mijina, can cikin fadama wajen Auyo, kafin mu dawo cikin Haɗeja. Na are shi, ban mayar ba, yau fiye da shekara talatin. Na yi wa matar nan laifi babba, ban taɓa neman gafararta ba, kuma ban ma yarda laifi ba ne sai da na tsallake teku. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Abin da ya kai ni, haihuwa ce. Hadiza autata tana can tare da mijinta, wanda ke aikin injiniya. Haihuwar fari, a al'ada ita ce za ta dawo gida wanka. Da yake hanya ta yi nisa, sai gida ya tashi ya tafi wurinta.

Aka fara da fasfo, aka ɗauke ni hoto, aka ce in cire murmushi, alhali ni ban san ina yi ba. Aka kai ni Abuja neman biza. Wata baturiya a bayan gilashi ta tambaya, ta bakin tafinta, ko zan dawo Najeriya. Na ce, "To wa zai kula min da awakina?" Tafintan ya yi dariya, ita ba ta yi ba, amma ta buga hatimi.

Ranar tafiya muka bar Haɗeja bayan asuba, kwalta tana ta jijjiga mu har Kano. A cikin jirgi Allah ya haɗa ni da wata 'yar kasuwa, Hajiya Binta, mai zuwa saro kaya. Ita ce ta ɗaure min ɗamarar kujera, ta buɗe min abincin da aka kawo a ɗan faranti kamar na wasan yara. Da jirgin ya ɗaga na kama hannunta ina salati. Ta ce, "Iya, saki ni haka, ba ni ke tuƙi ba."

A bakin iyakarsu na yi asarar farko. Ƙanwata ta Auyo ta haɗa min bandar tarwaɗa mai kyau, irin wadda ake yi wa mai jego farfesu, ga kilishi, ga daddawa, ga kanwa, ga barkono da citta. Ina tura jakata sai ga wani kare da ma'aikaci a bayansa. Karen ya zo ya zauna a gaban jakar kamar wanda ya zo gaisuwa. Aka buɗe. Wata ma'aikaciya ta kwance ƙullin daddawa ta kai hanci, sai ta ja da baya taku biyu ta riƙe bango. Kifi da kilishi suka ce dokarsu ta hana, suka ɗauke. Daddawar ma ta bi su. Kanwa kuwa sun daɗe suna juya ta a hannu suna kallona, daga bisani suka ba ni abata. Ban yi musu ba, ƙasar wasu ce. Amma har yau idan na tuna tarwaɗar nan sai in ji takaici.

Gidan su Hadiza bene ne, hawa na uku. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za ka shanya tsaki. Zafi daga cikin ƙarfe yake fitowa a jikin bango. Shara ma kala huɗu ce, kowace da kwandonta, ka zuba ɓawon ayaba a na takarda ka yi abin kunya. Mutanen kuwa ba mugaye ba ne, gaisuwa ce dai ba su da ita. Ka haɗu da mutum a matakala, ya ce maka kalma ɗaya ya wuce, ba ya gida, ba ya yara, ba ya gajiya. Abincinsu dankalin turawa da burodi mai tauri kamar tubali. Da ba don Hadiza ta san shagon da ake samun garin masara ba, da na rame.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu 'ya mace. Na kama aikin da ya kawo ni: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gashi. Ran Lahadin farko na ɗauko ɗan turmin da mijinta ya saya min, na zauna a kicin ina dakan yaji, ina 'yar waƙata. Ban yi nisa ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hadiza ta dafe kai ta ce, "Wayyo Inna, na manta ban gaya miki ba, ran Lahadi ba a yin ƙara a ƙasar nan!"

Aka buɗe, sai ga wata tsohuwa doguwa, siririya, gashi fari fat, da sanda a hannu. Ita ce ke zaune a ƙasanmu. Sunanta Marta. Ta yi magana mai tsawo, fuska a ɗaure. Hadiza ta ce wai ta ce ta ɗauka ana rushe gidan ne. Ana cikin ba ta haƙuri sai ta yi atishawa, ta sake yi, barkono ya kai mata. Na ɗebo kunun kanwa a kofi na miƙa mata, don ban san yadda ake ba da haƙuri da yarensu ba. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa, ta shanye. Washegari ta dawo da wainarsu ta tuffa a kan faranti. Daga nan muka ƙulla. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma tsofaffi biyu ba sa rasa abin nuna wa juna: gwiwa, baya, hotunan jikoki.

Wata safiya na leƙa ta taga na hango ta a durƙushe a bakin ƙofar gidan, kan hanyar da mutane ke bi, tana goge ƙasa da tsumma. Na ce, "Hadiza, zo ki gani, tsufa ya taɓa ƙawata." Ta ce, "A'a Inna, lafiyarta lau." Muka sauka. Ashe wasu 'yan faranta ne na tagulla, kowanne bai fi tafin hannu ba, guda huɗu, an dasa su a cikin daɓen hanya, da rubutu a kai. Na sha taka su ban lura ba. Hadiza ta ce sunayen mutanen da suka taɓa zama a gidan ne, Yahudawa, waɗanda aka kwashe a zamanin babban yaƙi aka kashe. Marta ke goge su duk mako. Na ce ikon Allah, mu idan abu ya wuce binne shi muke yi, mu ce a bar tone-tone. Su kuwa sun ɗauko abin kunyarsu sun ajiye a bakin ƙofa, inda kowa zai taka ya gani. A ranar na ga abin kamar wauta ne.

Ana nan ana nan, aka yi arba'in. Marta ta hawo da sandarta ta ce tana da kujera biyu a filin ƙwallo, tata da ta mijinta da ya rasu, ba ta fashi tun tana budurwa. Ta ce sai na raka ta. Na ce ni da ƙwallo? Rabona da kallon ƙwallo tun muna ƙauye. Hadiza ta ce, "Inna, mu je mana, ni ma na gaji da ɗaki." Aka samo mata tikiti, aka bar jaririya wurin ubanta, muka hau jirgin ƙasa bayan azahar.

'Yan uwa, na je Arfa, na ga taro. Amma taron da kowa ya sa launi ɗaya, kore da baƙi, daga tsoho mai sanda har jariri a kafaɗa, ban taɓa gani ba. Mutanen nan da ba sa gaisuwa a matakala, sai ga su suna rungume juna. Wani ƙato mai gemu ya cire gyalen wuyansa ya yafa min. Da suka fara waƙa, ga ganguna, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafata. Ban san me suke cewa ba, amma ƙirjina ya sani. Wata biyu ina baƙuwa, a wannan sa'a na ji ni 'yar gida ce.

Sai 'yan garin suka jefa ƙwallo a raga. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kama hancina na rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga wannan unguwa zuwa waccan. Duk layinmu suka waiwayo. Suka yi ta tafi, suna ɗaukar hoto, suna nuna min in ƙara. Na ƙara. Hadiza ta rufe fuska tana dariya, tana cewa, "Inna, za ki sa mu a talabijin!" Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi, daɗin da na daɗe ban ji ba.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci abu ya juya. Golan 'yan garin, wani dogon saurayi, ƙwallo ta zo masa a hankali kamar kaza, ta suɓuce ta tsakanin ƙafafunsa. Can kuma aka sake zura masa wata. Sai waƙar ta canja. Gangar ita ce dai, bakunan su ne dai, amma yanzu kan mutum ɗaya aka nufa. Mai gemun da ya yafa min gyale jijiyar wuyansa ta tashi, yana nuna yaron da yatsa. Hadiza ta daina dariya. Na ce me suke faɗa? Ta ce, "Zaginsa suke. Wasu na cewa ya koma inda iyayensa suka fito."

Kowa yana tsaye, ni ma ina tsaye. Sai na ji an ja min zane. Marta ce. Ta zauna a kujerarta, ita kaɗai a cikin dubban mutane, ta naɗe hannu a ƙirji ta tsuke baki. Ta nuna min kujera. Na zauna. Daga zaune ba na ganin fili, sai bayan mutane da duga-dugansu suna dukan ƙasa. Na taɓa jin irin wannan dukan ƙasa.

Da muka koma gida, rana ba ta faɗi ba, ta ja mu ɗakinta ta dafa shayi. Na ce wa Hadiza ta tambaye ta me ya sa ta zauna. Ga abin da ta ce, yadda Hadiza ta juya min.

Ta ce ubanta mai haƙar kwal ne. A gida ba mugu ba ne, shi ke taje mata kai. Yana yaro ƙasarsu ta yi yaƙi aka ci su, kakanta ya dawo da ƙafa ɗaya. Aka ɗora musu tara, aka wulaƙanta su a idon duniya. Aka yi shekarar da kuɗinsu ya zama takardar banza, mace ta cika kwando da shi ba ta samu burodi ba. Da suka fara farfaɗowa kuma sai aiki ya ƙare, maza suna zaune a bakin titi suna jin kunyar komawa gida. Sai wani mutum ya taso, mai iya magana, ya ce musu: ba a ci ku da yaƙi ba, sayar da ku aka yi, kuma masu sayarwar suna cikinku, kuna gaisawa da su kullum.

Ta ce, "Ubana ya gaya min da bakinsa, bayan ya tsufa. Ranar farko miya ce ta kai shi taronsu, ana raba miya da takalma. Rana ta biyu ba don miya ya koma ba. Waƙa ce. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin ƙirji dubu suna numfashi tare da nasa ba sai a wurare biyu, filin ƙwallo da taron mutumin nan. A fili wani lokaci a ci ka. A taron kuwa an gaya maka ba za a ƙara cin ka ba."

Ta nuna sama da yatsa, wato ɗakin da su Hadiza ke ciki. Ta ce a nan tela yake zaune da matarsa da 'ya'ya biyu, su ne sunayen da ke kan tagulla. Telan nan shi ya fara kai ubanta kallon ƙwallo, kulob ɗinsu ɗaya, kujerarsu kusa da juna. Ranar da taro ya zo ya farfasa shagonsa, ubanta yana cikin taron.

Na ce, "Ya yi jifa?"

Ta ce, "Bai ɗauki dutse ba. Har ya mutu yana maimaita wannan: ni ban ɗauki dutse ba. Waƙa kawai ya yi. Amma muryarsa ta fi ta kowa, kuma telan ya san muryar."

Ta ce ita ba ta daina zuwa ƙwallo ba, don tana son ɗumin taro kamar yadda ubanta ya so. Sai dai ta yi wa kanta doka: duk ranar da waƙa ta juya kan mutum ɗaya, za ta zauna.

Na ture kofin shayin gefe. Hadiza ta ce, "Inna, lafiya?" Na ce, "Juya mata abin da zan faɗa, kada ki rage ko kalma, ke ma yau za ki fara ji."

A ƙauyenmu, shekarun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, shinkafa ta lalace, kifi ya yi ƙaranci. Maza suna dawowa da kwalekwale ba komai. Su Ya Falmata Mangawa ne, daga wajen Birniwa suka zo kamun kifi, suka zauna da mu fiye da shekara goma. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ta karɓi haihuwar Hadiza. Ɗanta Bukar shi ne golan ƙauyenmu, babban ɗana kuma shi ne kyaftin. A shekarar ba abin da ya rage mana na alfahari sai ƙwallon yaran nan. Suka kai wasan ƙarshe da ƙauyen da ke tsallaken ruwa, waɗanda muke ta rigima da su kan wurin kamun kifi. Gari duka ya fita. Aka ci mu uku, duka ta hannun Bukar.

A hanyar dawowa wani ya ce, "Sayar da mu ya yi. Ai dama ba namu ba ne." Wani ya ce, "Tarun ubansa ne ya ƙarar mana da kifi." Magana ta bi baki, makaɗi ya sa ta a ganga. Samari suka taho da ƙura har gindin tsamiyar da ke kusa da gidajenmu, a nan suka tsaya. Na gan su da idona, sun tsaya. Wasu har sun fara sunkuyar da kai, don kowa ya taɓa cin tuwon Ya Falmata. Mu mata muna bakin ƙofa. Na hango ɗana yana kuka kamar ƙaramin yaro, zuciyata ta yi zafi. Sai wata ta ce, "Delu, ina muryar taki? An ci amanar garinmu kin yi shiru?" Ido ya dawo kaina. Na kama hancina.

Guɗar ba ta sauka ba suka ruga. Suka ƙone taru, suka fasa kwalekwale, suka karya wa Bukar hannu. Ba a kashe kowa ba. Washegari su Ya Falmata suka ɗaure kaya suka tafi, ina ɗaki ban fito ba. Tun daga ranar nake gaya wa kaina: ni ban taɓa kowa ba, guɗa kawai na yi.

Hadiza tana juyawa tana hawaye. Marta ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta dube ni ta ce, "Nawa mutanen ba wanda ya rage, tagulla kawai gare ni. Taki tana da rai?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Ba ki sani ba, kuma kina nan kina shan shayi?"

Sauran kwanakina a Jamus ban ji daɗinsu ba. An kai ni kasuwa, an kai ni bakin kogi, idona yana kallo, raina yana gindin tsamiya. Ranar da zan taho Marta ta sauko har bakin mota ta rungume ni, ƙashi ya haɗu da ƙashi. Na san ba za mu sake ganin juna ba.

Kwana uku da sauka na jawo kaskon daga ƙarƙashin gado, na wanke, na naɗe shi a sabon zane. Na gaya wa babban ɗana inda za ni. Ya ce, "Inna, abin da ya wuce..." Na ce, "Kai ma ranarka tana zuwa. Yau tawa ce." Sai ya sa ni a motar Birniwa.

A Birniwa na yi ta tambaya a wurin masu sayar da kifi. Wani dattijo ya ce ya san su, sun koma wani ƙauye ta wajen Guri. Na hau babur, yashi ya kayar da mu sau ɗaya, na faɗi ina rungume da kaskon kamar jariri. Daga inda babur ya tsaya sai kwalekwale, mai tuƙi yana ratsa kacalla da gora. Duk tsawon ruwan nan addu'a ɗaya nake: Allah ka sa in tarar da ita.

Na tarar da gidan cike da mata, ana daka, ana ƙunshi. Biki ake shiryawa. Wani mutum mai furfura a gemu ya fito daga zaure, ya dube ni, ya sake duba, sai ya durƙusa ya ce, "Inna Delu? Sannu da zuwa, sannu da hanya." Ya shiga ya kawo min ruwa da kansa. Da hagu ya miƙo kwanon, yana ba ni haƙuri, don hannun daman ya ɗoru a karkace. Bukar ne. 'Yarsa za a aurar. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ya Falmata tana ɗaki a kan tabarma, idonta ya tafi. Na yi sallama. Ban faɗi sunana ba, ta ɗaga kai ta ce, "Delu."

Na zube a gabanta na sa mata kaskon a cinya. Ta bi shi da yatsu, ta shafa zanen wuyan, ta ce, "Na kakata ne. Na ɗauka a wutar ya fashe."

Na ce, "Ya Falmata, na zo neman gafara. Ni ce na yi guɗar nan."

Ta ce, "Ni za ki gaya wa? Ina bayan katanga, na riƙe ƙofa da bayana. Na ji gangar ta tsaya, na ce alhamdulillahi, sun tuna. Sai na ji ki. Duk garin wa ke da wannan murya? Da ita kika yi min barka ranar da Bukar ya sauke Alƙur'ani."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mijina ya rasu. Ta bar ni sai da na gaji, sannan ta laluba ta kama hannuna.

Ta ce, "Shekarun farko kullum ina sauraron sallamarki. Na ce Delu za ta zo. Da na gaji da jira sai na yafe miki, don kada in tafi kabari da kaya. Kin makara, ƙawata, gafarar ta daɗe da yin sanyi. Amma taki ce, ɗauki abarki."

Ta sa aka kawo min burabusko da miyar kifi, ta tambayi Hadiza, ta yi dariya da na ba ta labarin kare da daddawa. Muna cikin haka wata daga cikin matan biki ta leƙo ta ce, "Ashe wannan ce Delun Haɗeja mai guɗa? Kai, Allah ya kawo mana! Gobe sai ki raka mana amarya."

Na dubi Ya Falmata. Ta juya fuskarta wajen ƙofa ta ce, "A'a. Baƙuwata ce, ta zo ta huta." Da matar ta tafi sai ta sassauta murya ta ce, "Ki kwana, ki ci, ki sa wa yarinya albarka. Guɗa dai kada ki yi a gidan nan, Delu. Zuciyata ta yafe. Kunnena ne bai yafe ba."

Washegari aka fito da amarya, wata yarinyar mata ta yi guɗa, siririya, ba ta kai ko bakin zaure ba. Kowa yana tsaye. Ni ina zaune kusa da Ya Falmata, kaskon yana tsakaninmu yana hayaƙi, na naɗe hannuna a ƙirji.

To, masu tambaya, kun ji. Duk mai biki ta kira ni, zan zo, zan yi daka, zan yi wanke-wanke, zan riƙe wa amarya hannu har ɗakinta. Muryar kuwa na baro ta a can. Malama, ajiye biron nan haka, ki miƙo min ruwa.